Bulo na Huɗu a Shingen Sojoji

Shekarun baya, a zamanin da ba a shiga kasuwa ko tasha a Gombe sai an lalube mutum, ina kula da ɗakin gwaje-gwaje a jami'a, aka turo mini ɗalibai biyu su yi wata uku suna koyon bincike a hannuna. Ɗaya Bafulatani ne ɗan Pantami, mai bakin tsiya. Ɗayar Babarbariya ce da rikici ya koro iyayenta zuwa unguwar Malam Inna. Ta riga ta yi asarar shekara guda ta karatu, kuma in wannan aiki bai kammala ba, za ta sake asarar wata shekarar.

Aikinsu shi ne su gano ko tokar ɓuntun shinkafa za ta iya maye gurbin wani kaso na siminti ba tare da kankare ya yi rauni ba. Hanyar a bayyane take: a kwaɓa, a zuba ƙananan bulo, a jiƙa su cikin ruwa kwana ashirin da takwas cif, sannan inji ya matse su har su fashe, a rubuta nauyin da suka jure. Ba ashirin da bakwai ba, ba ashirin da tara ba.

Ƙa'ida ta ce bulo uku a kowane kwaɓi. Ni huɗu nake sa a zuba. Malamin da ya koya mana lissafi a makarantar mishan yakan kori duk wanda ya shigo aji da fensir ɗaya, kuma har na tsufa ban warke daga wannan tarbiyya ba. Na san tankaɗen ƙarin toka yana gundurar su. Na kuma san a bayan idona "Baba Na Huɗu" suke kirana.

Saura kwana biyu wa'adi ya cika, injinmu ya lalace, ga shi a wannan makon za su gama. Wani abokina da ke aiki a kamfanin gina hanya, can bayan unguwar Arawa, ya yarda mu yi amfani da nasu. Ranar da kwanakin suka cika muka naɗe bulo ashirin cikin jiƙaƙƙun buhuna biyar, muka sa a bayan tsohuwar motata.

A shingen bincike soja ya sa na buɗe but. Da ya ga abubuwa masu nauyi a naɗe, kowanne da lamba da jan fenti, sai ya ja da baya, ya gyara riƙon bindiga.

"Baba, mene ne wannan?"

A nan na tafka kuskure. Na gyara tabarau, na shiga yi masa lacca da Turancin da aka koya mana da bulala. Ina ƙara bayani, fuskarsa tana ƙara ɗaurewa.

"Ban ji ba," in ji shi. "A fasa su duka mu ga ciki, ko ku bar su a nan."

Sai ɗalibata ta ɗan rusuna ta ce, "Ranka ya daɗe, kowane buhu huɗu ne a ciki. Ka sa hannunka ka zaɓi wanda ka ga dama a kowanne, ka fasa. In ka ga wani abu ban da tsakuwa, ka tafi da mu."

Ya dube ta, ya aika aka kawo guduma. Na farko, na siminti zalla, bugu biyu ya tsage. Da ya zo kan mai toka sai ya buga sau uku, gefe kawai ya ɓantare. Abokan aikinsa suka fara dariya.

"Oga, yi a hankali," in ji Bafulatanin. "'Yar Barno ce ta kwaɓa wannan, taurin kanta ne a ciki."

"Ai mun ga naka," ta ce, "tun ba a taɓa shi ba yake neman afuwa."

A bugu na biyar ya fashe. Sojan ya share gumi, ya tona ɓaraguzan da takalmi.

"Toka kuka ce? Ta shinkafa? Mu da muke ƙone ta a banza a ƙauyenmu!"

Ya fasa sauran ukun, ya ɗaga mana hannu. Muka isa kafin azahar da bulo goma sha biyar, uku a kowane kwaɓi, buhunan da sauran danshi. Injin ya tabbatar da abin da guduma ta fara faɗa: kwaɓin da aka sa wa toka daidai gwargwado bai gaza na siminti zalla ba. Ɗalibina ya roƙa a sa bugun sojan cikin rahoto. Na ƙi, domin guduma ba ma'auni ba ce. Amma a littafin aljihuna na rubuta shi.

Na daɗe ina ɗauka nasarar ranar tawa ce, tunda ni na tilasta bulo na huɗu. Yau na san rabinta kaɗai na mallaka. Tanadin nawa ne, amma da ni kaɗai ne a wurin, da an fasa ashirin ɗin ina tsaye ina zuba Turanci.

Ta gama tare da 'yan ajinta, kuma yanzu ita ma tana da ɗalibai. Bara ta kira ni ta gaishe ni, ta ce huɗu take sa su zuba. Na tambaye ta me suke kiranta a bayan ido.

Ta yi dariya ta ce, "Baba, ai gado ne."