Tayoyin Keken Bulus

Ranar Asabar ta bayan Ista, shekarar da nake aji huɗu, na dawo daga rafi da tulu a ka na tarar da keken ƙanena Bulus a kife a tsakar gida, Baba ya durƙusa da sifana yana kwance tayoyinsa. Bulus na zaune a gindin mangwaro, ya naɗe ƙafafunsa da shan inna ya shanye tun yana goye, yana karɓar noti daga hannun Baba kamar wani babban makanike. Na dire tulun har ruwa ya fantsamo mini, na tambayi abin da ake yi. Bulus ya washe giɓinsa ya ce, "Saratu, ni na ba shi aro. Hanya na ne za a gyara."

Keken ba wani abin a zo a gani ba ne, akwatin katako ne da tayoyin baro biyu da sandar turawa. Amma shi ne ƙafafun Bulus. A cikinsa nake tura shi coci, da wurin casar acca, da filin da yara ke langa, inda yake zama alƙali ya yanke hukunci da son kai. Makaranta ce kawai ta gagare mu, domin hanyar da ta ratsa gonakin citta zuwa can zaizaya ta cinye ta, ko mai ƙafa biyu sai ya yi da gaske. Tsararrakinsa sun shiga aji ɗaya sun bar shi, shi kuwa kullum sai ya ƙwace littafina ya karanta shi a juye, yana cewa malamanmu ba su iya komai ba.

Baba ne direban tsohuwar taraktar ƙungiyar manoman ƙauyenmu, kusa da Zonkwa. Tana da faffaɗan ƙarfe da ake ɗaura mata a baya don baje ƙasa, suna ce masa buledi, da kuma wata ƙatuwar manjagara. Ya gwada gyara hanyar da buledin, sai ya ƙara ɓata ta: duk inda tayar tarakta ta faɗa rami, buledin ya nutse ya yanko sabon kwari. Papa Emeka, mai walda a bayan tashar jirgin Kafanchan, shi ya ba shi dabara, a yi wa buledin ƙananan tayoyi a baya su riƙa tallabe shi. Suka yanka bututun ƙarfe, suka huda masa ramuka a jere don a ɗaga ko a sauke da ƙusa. Tayoyi biyu masu girma ɗaya ne suka yi wuya, sai na Bulus. Baba ya yi alkawarin mayar da su kafin hutu ya ƙare.

Dabarar ta ci, kuma cin da ta yi shi ya cuce mu. Na ga ranar gwaji da idona: Baba ya sa katako a ƙarƙashin buledin, ya sauke tayoyin har suka taɓa ƙasa, ya zura ƙusa, ya ja. Ƙasa ta kwanta sumul kamar daɓen ɗaki. Dattawan ƙungiya suka ga haka, ga ruwa ya sauka, sai kowa ya tuna da gonarsa. Aka mayar da tayoyin kan manjagara, aka ga ba ta tono ƙasa fiye da kima, yau gonar wane, gobe ta surukin wane. Tarakta ba ta Baba ba ce, kuma shi mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ni kam na iya. Na tare shi a bakin rumbu na ce, "Baba, yaushe?" Ya ce, "Ki yi haƙuri, mamana, a gama na Dattijo Yohanna tukuna." Haushinsa nake ji, har na daina kai masa ruwan wanka sai Mama ta daka mini tsawa.

Aka koma makaranta, Bulus na jan gindi a tsakar gida, yana ɓare gyaɗa da korar kaji daga shanya. Na goya shi zuwa coci har bayana ya ƙage. Bai taɓa yin ƙorafi ba, sai dai in ya ji ƙarar tarakta daga nesa ya ɗaga kai ya ce, "Tayoyi na suna aiki." Mama ta ɗinka masa rigar makaranta, ya sa aka rataye ta a inda zai riƙa ganinta daga shimfiɗarsa.

Sai da masara ta fara bunni Baba ya samu ya gama hanyar. A makon ne zazzaɓi ya kama Bulus. Aka yi jiƙo, aka yi allurar kemis, fasto ya zo ya yi addu'a, jiki ya ƙi. Motar farko da ta bi sabuwar hanyar ita ce a-kori-kurar da ta ɗauke shi zuwa asibiti a Kafanchan, yana kwance a cinyar Mama, ni ina riƙe da ƙafafunsa. Da muka zo daidai makaranta ya buɗe ido ya ce, "Mama, ba gargada fa. Baba ya iya." Baba na tsaye a bayan motar, ya juya mana ƙeya. Washegari da hantsi muka dawo ta hanyar, Bulus a naɗe cikin zanen Mama.

Yanzu an zuba wa hanyar tsakuwa, 'yan acaɓa na sheƙa gudu a kanta, yara na tafiya makaranta suna ture-ture, babu wanda ya san yadda take a da. In na je gida daga Kafanchan nakan sauka a mararraba in taka da ƙafa, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba. Hanyar ta yi kyau, mai ita ne bai taɓa zuwa aji ba.