Ranar da Na Kai Baba Ya Ga Kifi

Shekarun baya can, lokacin ina ɗalibi a Alƙahira, na taɓa ɗaukar mahaifina na kai shi teku don ya ga kifi. Na san waɗanda suka san asalinmu a cikinku za su yi dariya, don Baba masunci ne ɗan masunci, a bakin kogi ta wajen Yawuri aka haife shi, a nan ya yi furfura. Ni ne kaɗai a cikin 'ya'yansa ban iya ruwa ba. Tun ina ƙarami ya hana ni zuwa kogi, ya ce yayyena sun ishe shi, ni in riƙe karatu. Na riƙe karatun kuwa, har ya kai ni Masar, amma ko kududdufi na gani sai na kewaye.

A shekarar 2012 ne idon Baba ya matsa masa. A gida an ce yanar ido ce, a kankare ta a huta. Yayyena suka turo shi wurina tunda Masar ta yi suna a aikin ido, ga ni kuma ina jin Larabci. Ya sauka a gidan da muke haya a unguwar Abbasiyya, abokan zamana suka bar mana ɗaki guda suka cunkushe a ɗayan.

Likitan da muka gani a unguwar Dokki bai ɓoye mana komai ba. Ya ce ba yana ba ce, hawan jinin ido ne, kuma ya daɗe yana cin jijiyar. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin ƙofa. Zai yi aiki ko a riƙe abin da ya rage, amma ba ya alkawari. Ni na fassara wa Baba. Ya saurara har na gama, ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri, sannan ya tambaye ni inda ake alwala.

A ɗakin jiran asibitin akwai wani akwatin gilashi cike da ruwa, da 'yan kifaye na ado a ciki. Na je karɓo magani na dawo, sai na tarar da Baba a durƙushe gabansa, ya manna idonsa na dama a jikin gilashin, Misirawa na ta kallonsa. Kunya ta kama ni, na ce ya taso.

"Malam," haka yake kirana tun ranar da aka sa ni makaranta, rabi girmamawa rabi zolaya, "ashe haka suke tafiya?"

"Su wa, Baba?"

"Kifi mana. Ni fa ban taɓa ganin kifi yana harkarsa ba. Ruwanmu ja ne, in ka nutse duhu ne, da hannu muke lalube. Duk kifin da na gani da ido, to ya riga ya shiga raga yana neman ransa. Ashe in ba wanda ya koro shi, a hankali yake tafiya."

Maganar ta tsaya mini a rai. Da na ba wani abokina labari, Bahaushen Sudan ne da ke aiki a ofishin tafiye-tafiye, sai ya ce ai waɗancan 'yan wasa ne. A garin Hurgada, bakin Bahar Maliya, ana ɗaukar mutane a jirgin ruwa a kai su inda ruwa yake garau kamar na randa. A ba ka tabarau mai rufe ido da hanci, da bututun da kake numfashi ta ciki, ka kwanta a saman ruwa ka yi ta kallon kifi a gidansa. Ya ce tun bayan juyin-juya-hali Turawa sun ja baya, jiragen ba sa cika, ɗalibi ma zai iya.

Tun daga ranar na ɗora wa kaina abu guda: Baba ya ga kifin nan kafin idon ya rufe.

Sai dai ba a tafi nan take ba. An yi aikin, likita ya ce kada ruwa ya kusanci idon sai ya warke sarai. Muka zauna jira. Kullum da safe na tambaye shi ya idon, ya ce alhamdu lillahi, yana gani. Amma ina lura da shi. Da farko kofin shayi yake ɗauka kai tsaye, daga baya sai hannunsa ya fara zagaye faranti kafin ya same shi. Wata rana abokin zamana ya shigo ya yi tsaye a gabansa, Baba bai san da mutum ba sai da ya yi sallama. Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Ranar da likita ya ba mu izini, washegari muka hau bas. Tafiya ce mai nisa, hamada a dama, daga baya teku ta fito a hagu. Na ce masa ga Bahar Maliya nan. Ya juya fuskarsa wajen taga ya ce, "Wadda ta ci Fir'auna? To ka riƙe ni da kyau, Malam, ka san ta saba da manya." Muka yi dariya, ni tawa ba ta kai ciki ba.

Jirgin fari ne mai hawa biyu. Akwai iyalan Misirawa, da Turawa kaɗan, sai mu, Baba da rigarsa da hula, ni da fuskar mai zuwa ɗakin jarrabawa. Jagoranmu wani Bamisire ne da rana ta ƙona, mai fara'a, tun daga matakala ya fara kiran Baba "ya Hajj". Ya tara mu ya yi bayani, ina fassarawa. Ya nanata doka guda har sau ba adadi: a kalla da ido, kada a taɓa komai da hannu, ko kifi ko duwatsun murjani da suke zaune a ciki.

Mun yi nisa da gaɓa sai ihu ya tashi. Wasu manyan halittu ne da Misirawa ke kira darfil suka biyo jirgin, suna tsalle sama suna komawa. Kowa ya ruga gefen dama yana nuni. Baba ma ya miƙe da sauri, amma sai ya juya wajen da ihun ya fi ƙarfi, ya zuba ido kan bayan mutane yana murmushi. Na kama kafaɗarsa na juya shi wajen ruwa. Kafin ya daidaita sun nutse. Ya ce, "Na ji faɗuwarsu. Manya ne." Sai na ce wa kaina tsalle abu ne mai sauri, a cikin ruwa kifi zai zo har gaban hancinsa.

Da jirgi ya tsaya, aka ɗaura mana rigunan da ke hana nutsewa. Jagora ya sauka da wata tayar roba mai igiya, ta waɗanda ba su iya iyo ba. Na rungume ta da hannu biyu, ni da wasu yara 'yan mata, kuma in faɗi gaskiya sun fi ni natsuwa. Baba kuwa yana taɓa ruwa ya zama wani mutum. Tsohon da nake ja da hannu a titin Abbasiyya ya miƙe a saman ruwa ba ko motsi, kamar a kan tabarmarsa. Ya tofar da gishirin da ya shiga bakinsa ya ce wannan ruwa ai miya ce. Na gyara masa tabarau, na sa masa bututu, ya kifa fuskarsa.

Ya daɗe a haka. Ko daga inda nake ina hango kifaye na kewaye shi, wasu har suna gogar rigarsa. Can ya ɗago, ya cire bututun.

"Malam, ina kifin? Ko ba mu iso wurin ba?"

Ya ce, a hankali, "Haske nake gani, shuɗi-shuɗi. Sai wata inuwa ta gifta. Shi ke nan."

Ya sake kifa fuska. Sai na ga hannunsa na dama ya miƙe ƙasa, yatsu a buɗe, yana laluben dutsen murjani da ke kusa, yadda ya saba yi a kogi tun yana yaro. Jagora ya ɗaga murya, "La, ya Hajj! Mamnu'!" Wato an hana. Ni ne tafinta, don haka da bakina na ce wa mahaifina ya janye hannunsa. A rayuwata ban taɓa fassara maganar da ta yi mini ɗaci kamar wannan ba.

Na gaya wa jagoran cewa Baba ba ya gani. Fuskarsa ta canza, ya yi ta cewa ma'alish, ma'alish, wato a yi haƙuri, ya ce murjanin rai gare shi, taɓawa na kashe shi, wani kuma yana ƙuna kamar wuta. Baba ya ce, "Gaya masa ya yi daidai. Mu ma muna da gurbin da ba a shiga sai lokacinsa ya yi. Ruwansu ne." Ya naɗe hannayensa a ƙirji, ya cusa su ƙarƙashin hammata, kamar yana tsoron su saɓa masa.

Jim kaɗan ya ce, "Saki tayar nan."

"Baba, nutsewa zan yi."

"Da rigar nan a jikinka, da ni a gefenka? Kwanta. Ni zan riƙe ka, kai ka duba mini."

Na saki. Ya sa tafin hannunsa a ƙarƙashin ƙirjina, na kwanta, na kifa fuska. Jama'a, ban san Allah ya yi irin wannan wuri ba. Gari ne sukutum a ƙasa, da tuddai da lunguna, kifaye na shiga suna fita, kowa da irin rigarsa. Na ɗago na ce akwai wani rawaya kamar ƙwaiduwa, faffaɗa, su biyu suke tafiya ba sa rabuwa. Ya ce in ƙara dubawa. Na ce ga wani kore mai baki irin na aku, yana gaigayar dutse. Ya tsoma kunnensa a ruwa ya ce, "Shi ne wannan ƙas-ƙas ɗin? Na zaci gyaɗa ake soyawa a ƙasa." Na sake dubawa, na ce ga wani ƙato mai tumbi, idanu a waje, yana tafiya kamar bai iya iyo ba.

"Talibambam!" Baba ya ce. "Har nan ya zo? Kai, wannan bawan Allah da yawo yake!" Ya yi dariya har ruwa ya shiga bakinsa ya ƙware.

Dariyar nan ce ta karya ni. Na mayar da fuskata cikin ruwa, hawaye suka taru a cikin tabarau, gilashin ya yi hazo, ni ma na daina gani. Jikina ya ɗauki rawa a kan tafin hannunsa.

"Sanyi ne, Malam?"

"Sanyi ne, Baba."

"To mu fita. Ya isa."

Bai sake tayar da zancen ba, ko a jirgi, ko a bas, ko a ɗaki. Ni ma ban tayar ba. Na ga kifaye da yawa a ranar waɗanda ban gaya masa ba, amma duk sanda na buɗe baki sai in ga kamar zan tuna masa abin da ya rasa ne. Ya koma gida, idon ya rufe gaba ɗaya kafin damina ta wuce. Na je hutu, mun sha zama ni da shi a zaure, mun yi hirar komai ban da Bahar Maliya. A 2015 Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki wani tsoho, abokin kamun kifin Baba tun ƙuruciya, ya matso kusa da ni. Ya ce, "Kai ne na Masar ko? Ka san babu masuncin da bai haddace kifayenka ba a garin nan? Rawaya mai tafiya da matarsa, da mai bakin aku, da talibambam ɗan yawon duniya."

Na tambaye shi ko Baba ya ce musu ya gani ne.

"A'a. Cewa yake, Malam ya duba mini. Ya ce uku ya samu, sauran suna wurinka. Muka ce to ya tambaye ka mana in ka zo hutu. Ya ce a'a, a ƙyale yaron nan, ranar kuka ya yi a cikin ruwa ya ce mini sanyi ne."

Na gyara zama a kan tabarma na ba su sauran, ɗaya bayan ɗaya, mai zane kamar atamfa, da siriri mai dogon baki, da wani shuɗi da ke kwance a yashi. Tsofaffin suna ta faɗin ikon Allah, wani na cewa in maimaita.

Yau in na tuna, ba rufewar idon ce ta fi yi mini ciwo ba, wannan hukuncin Allah ne kuma mun yi iya yinmu. Abin da ke ci na shi ne shekarun da muka yi ni da shi muna tausayin juna a ɓoye. Ni na yi shiru don kada in sosa masa rai, shi ya yi shiru don kada ya sake sa ni kuka, alhali yana son ji, ni kuma ina da abin faɗa. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa. Da ya tambaya ko sau ɗaya, ko da ni na daure na fara, zama guda a zaure ya ishe mu.