Motar Halliru a Gonar Albasata

Ƙanena Halliru ba ya gama aikin mutane a kan lokaci, kuma bai taɓa yin ƙarya a kai ba. Sauran bakanikai sukan ce maka ana jiran kaya daga Sakkwato. Shi kuwa zai dube ka ya ce, "Ban taɓa shi ba, ina bisa mota." Duk Wurno babu wanda ya kai shi sanin injin ban-ruwa, shi ya sa mutane ke zaginsa kuma suna komawa.

Motar 'yar ƙarama ce ƙirar Ingila, MG, koriya, ba rufi, cikinta kamar zai taɓa ƙasa. Wani Baturen injiniya ya zo da ita lokacin da ake ginin madatsar Goronyo. Da zai koma gida ya bar wa Ephraim, malamin asibiti ɗan Zuru, wanda ya taɓa yi masa jinyar zazzaɓi. Ephraim ya hau ta shekara shida, yana zuwa coci da ita, har aka yi masa canjin wurin aiki. Daga nan ta faɗa hannun Alhaji Atiku mai albasa a Goronyo. Shi Alhaji a ganinsa duk abin da ke da taya ai na dako ne. Ya ɗora mata buhu biyar ran kasuwa, sifirin ya karye, ya jingine ta bayan gida kaji suka tare a ciki.

A 1994 Halliru ya je gyara masa injin, ya ga motar. Alhaji ya ce ya ɗauke ta ya huta da ganinta. A bayan tirela aka kawo ta, da kashin kaji da komai.

Na je gani. Na ce, "Halliru, mutum goma sha ɗaya ka ka ciyarwa. Wagga kujera biyu gare ta. Wa za ka ɗauka?"

Ya ce, "Yaya, ke ba ki san mota ba."

Na yi sakandare, na koyar da yara shekara talatin, na iya ƙirga kujeru.

Shekara goma sha tara ya yi a kanta. Cikinta kaɗai ya ci masa shekara biyu, yana yanka ƙarfe yana walda, don tsatsa ta cinye shi. Kafireto sai da ya je kasuwar Panteka a Kaduna sau uku, don ya ƙi saka na wata mota. Kujeru ya kai wa dukawa suka rufe da jar fatar akuya, ya sa aka warware ɗinkin sau biyu. Shekarar da ruwa ya ci gari, kowa na kwashe gero, shi yana neman shanun da za su ja mota zuwa tudu. Matarsa Ma'u ce ta kwashe hatsin da kanta, kuma har yau ba ta daina faɗa ba. Tana da gaskiya.

Ni tun rasuwar maigidana abin da nake ci shi ne gonar albasa a fadama. A watan Fabrairu na 2013, albasa ta fara yin kai, injina ya tsaya. Wanda ya san albasa ya san a wannan gaɓar ba ta haƙurin ƙishi. Na aika masa da injin ran Asabar. Ran Laraba ban ji komai ba, ganye ya fara kwanciya, na yafa mayafi na tafi garejin.

Tun daga nesa na ji ƙara. Mota ta tashi. Yana zaune a ciki, mutane sun kewaye shi, ga injina can gefe ko ƙurarsa ba a goge ba.

Na ce, "Kashe ta."

Ya kashe.

"Ina injina?"

"Ban taɓa shi ba, Yaya. Kin dai ji ta da kunnenki."

"Na jiya. Albasata ba ta jiya ba. Kwana biyar ba ruwa. In tal lalace, gidanka ni ka tarewa, kuma cikin wagga mota za ni kwana."

A gabana ya buɗe injin. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce cikinsa ya tsage, ba ya gyaruwa. Da ya duba tun Asabar da na nemi wani. Yanzu kowa na tsakiyar ban-ruwa, ba mai ba da aron nasa, sabo kuma sai an je birni.

Na ce, "To mi za mu yi?"

Ya dubi kan famfon da ke jikin injin, mai jawo ruwa, wanda lafiyarsa lau, ya dubi motar. Ya aika a kira masa mai shanu.

Hanyar fadama ba ta mota ba ce, balle wannan. Shanu biyu suka ja ta, cikinta na gurzar kunyoyin gona, shi yana biye yana runtse ido duk sanda ƙarfe ya yi ƙara. Salansar motar, bututun hayaƙi, ta fita a hanya. A bakin ruwa ya ɗaga tayar baya ɗaya da jak, ya cire robar, ya ɗaura bel daga ƙarfen tayar zuwa kan famfon. Ya ja siririn tiyo yana zuba wa lagireto ruwa, ya tayar, ya sa giya. Ruwa ya fito ya bi fangali-fangalin albasa.

Sati huɗu tana wurin, yana zuwa da kansa safe da yamma don bai yarda kowa ya taɓa makullin ba. Ya kafa mata rumfar zana. Maƙwabtana biyu da injinansu ke jibge a garejinsa suka zo da mai a jarka, su ma ya ba su ruwa, ba don kirki ba, don ba shi da bakin hana su. Kashi ɗaya cikin uku na albasata ya riga ya tafi a kwana biyar ɗin nan. Sauran ya yi, na ci shekara. Ban gode masa ba, don shi ya jawo.

Ranar da muka gama cire albasa, mai shanu ya zo da igiyarsa. Halliru ya tare shi. Ya leƙa ƙarƙashin motar, ya tashi, ya tara mazan da ke wurin, masu gona da 'yan ƙwadago, kusan ashirin.

Ya ce, "Don Allah abu guda ni ka roƙo. Kada a sake jan ta bisa kunya. Ga itace nan na kawo, a zura ƙarƙashi. Ku ɗauke man ita bisa kahwaɗa har bakin kwalta, sannu sannu, in kun gaji a aje a huta."