Bahon Meshach

Ranar Asabar ce, a ƙarshen damina. Da ƙarfe shida na safe Tanimu ya ji ɗansa Meshach a bayan gida yana tace ruwa da rariya. Kullum da haka yake fara yini. A gindin mangwaro yana da baho cike da ruwa kwance, rufe da tsohon gidan sauro, inda yake kiwon tsutsar sauro da gangan. Ita ce abincin kifayensa.

Ƙarfe bakwai ya shiga falo ya zuba musu. Kifayen rafi ne, tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Ba sa yawo a tsakiyar ruwa. Sai su kwanta a kan tsakuwa, su zabura, su sake kwanciya. Shekara uku yana fama da su a akwatin gilashi, da ɗan famfo mai aiki da sola don ruwan ya riƙa gudu kamar na rafi. Ba a cin su, ba a sayar da su. Burinsa kawai su yi ƙwai su ƙyanƙyashe a hannunsa, kuma a makon nan suka yi. Ya kira uban ya zo ya gani. Tanimu ya ce bari ya gama shan shayi, bai kuwa tashi ba.

Meshach yana da shekara ashirin da shida, yana gyaran waya a kasuwar Kontagora. Ba ya da yawan magana. Mahaifiyarsa Cecilia takan ce tun yana rarrafe, in an neme shi an rasa, a duba bakin randa. Shi kuwa Tanimu lafiyar muhalli ya karanta a jami'a, ya yi shekara talatin da biyar yana aikin duba-gari. Randuna da tsofaffin tayoyi da ya kifar a gidajen mutane ba sa ƙirguwa. In baƙi suka tambayi akwatin, yakan ce yaron gwaji yake yi kafin ya buɗe gonar tarwaɗa. Meshach yana ji, bai taɓa ƙaryata shi ba.

Ƙarfe tara Meshach ya tafi shago, Cecilia ta tafi zumuntar mata. Sha ɗaya Abdulfatahi ya zo, tsohon abokin aikin Tanimu. Ya zaga bayan gida, ya dawo yana dariya.

"Oga, ashe gonar sauron garin nan a gidanka take. Da a zamaninmu ne, da hannuna zan rubuta maka sammaci."

Tanimu ya san bahon a rufe yake. Ya san ana kwashe tsutsar tun kafin ta yi fiffike. Minti ɗaya ya ishe shi ya yi bayani. Sai ya tashi, a gaban baƙon, ya sa ƙafa ya kifar da bahon.

Ƙarfe biyu Meshach ya dawo cin abinci. Ya daɗe tsaye a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar. Bai yi faɗa ba. Ya ce 'yan mitsi-mitsin halittun da jariran kifin ke ci a cikin ruwan nan suke, kuma jariran ba za su kai jibi da yunwa ba. Dole ya je rafin da ke hanyar Auna ya ɗebo wani.

"Baba, ai da ka matsar da shi kawai."

Tanimu ya ce gidansa ne. Maganarsu ta ƙarshe ke nan.

Ƙarfe uku Meshach ya ɗaure jarka biyu a babur. Biyar da 'yan mintuna aka kira Tanimu a waya: motar kaya ta buge shi a wata kwana yana dawowa, ya rasu. Jarka ɗaya ta fashe, ɗayar aka kawo gida tare da takalmansa.

A zaman makoki aka yi ta tambaya, me ya kai shi hanyar Auna? Tanimu ya ce saƙo ya je kaiwa. Abdulfatahi yana cikin masu gaisuwa, kansa a ƙasa. Kwana uku ana faɗin saƙo, har Cecilia ma ta fara faɗa wa mata haka. A rana ta huɗu da safe ta fito shanya, ta ga bahon a kife, ta shigo falo.

"Baban Meshach, wa ya zubar da ruwan nan?"

Zai iya cewa akuya. Ya faɗa mata komai, da dariyar Abdulfatahi, da ƙafar, da abin da ya ce wa yaron. Ta juya ta kalli akwatin. Ta ce kifayen ba su ci komai ba tun Asabar, ta fita.

Tanimu ya buɗe jarkar, ya zuba musu kaɗan-kaɗan da cokali. Jariran sun kai arba'in. Shida suka rayu.

Kayan gyaran waya an ba Prince, wanda suke shago ɗaya. Tufafinsa sun tafi coci a buhu biyu, ban da rigar da Cecilia ta ɓoye. Babur yana wajen makaniki, ba wanda ya je ɗauko shi. Akwatin yana inda yake. Bahon kuwa Tanimu ya wanke shi, ya juye ragowar ruwan jarkar a ciki, ya rufe da gidan sauron, ya ajiye shi a ƙofar falo inda duk mai shigowa zai gani. In an tambaya, yakan ce tsutsar sauro ce, ta kifayen ɗansa.