Zazzaɓin Lahadi

Shekarun baya can, zamanin shugaban ƙasa na farko, ina sayar da tuwo da kifi a bakin kogi a Garwa, inda jiragen ruwa ke lodin auduga da gyaɗa. Daga duwatsun Mora muka sauko ni da mijina, mu Kirista ne. To lokacin idan aka san ke 'yar dutse ce mai zuwa majami'a, da yawa ba sa cin abincinki. Sai na yafa mayafi, 'yan dako suka ɗauka ni musulma ce, ni kuma ban gyara musu ba. 'Ya'ya huɗu nake ciyarwa da tukunyar nan.

Lahadi ce matsalar. Ba na fitowa, ran Litinin in ce zazzaɓi ne.

Akwai wata Hajiya Bafulatana mai fura kusa da rumfata, Dada nake ce mata. Ta ce zazzaɓin da ya san kwanakin mako ba a wasa da shi, lopital ma, wato asibiti, ba su iya shi ba. Ta fara kawo min jiƙon maɗaci a ƙwarya duk Litinin, ta tsaya a kaina sai na shanye. Kullum ɗacin ƙaruwa yake. Lafiyata ƙalau, amma na kusa shekara ina sha.

Ran sujadar godiya ta kaka a majami'a, mata suna tashi suna ba da shaida. Na miƙe zan gode wa Ubangiji kan ciniki, bakina ya ƙi. Ina roƙonsa masu saye, a kasuwa kuma ina yi kamar ban san shi ba. Na koma na zauna, mijina ya zaci kuka zan yi.

Washegari Dada ta zo da ƙwaryarta. Na ce, "Dada, ba ni da zazzaɓi. Majami'a nake zuwa."

Ta ce ta sani tun watan farko, ai waƙoƙinmu na majami'a nake yi ƙasa-ƙasa in ina tuƙa tuwo. Na ce to maɗacin fa? Ta ce, "Na maƙaryata ne, 'yar nan. Jira nake ki gaji."

Daga nan duk wanda ya tambaya na faɗa masa gaskiya. Wasu sun daina zuwa, ba su kuma dawo ba. Mun ci tuwo ba kifi wata da watanni. Dada dai ba ta matsar da ƙwaryar furarta daga gefena ba, kuma duk wanda ya sha fura sai ta nuna masa tuwona.

Ba zan ce ciniki ya koma kamar da ba, bai koma ba. Amma tun daga lokacin in na buɗe baki zan yi godiya, fitowa take. Har yau ina jin kunya cewa ba fasto ne ya gyara ni ba, mai fura ce.