Kwana Bakwai a Dikodar Firmin

Duk danginmu babu matsoraci kamar Firmin Depoorter. Tun yana ɗan shekara tara, da gobara ta cinye rumbun babansa, bai ƙara yarda da wutar lantarki ba. Shekara talatin da takwas ya yi yana gadin makarantar firamare ta garinmu a Flanders, kullum in aka tashi sai ya bi aji-aji yana zare filogi. A gida ma haka. In zai leƙa gidan burodi, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba, sai ya zare na butar shayi, ya zare na rediyo, ya fita, ya dawo ya duba ko ya zare. Firiji kaɗai ya tsira, shi ma don matarsa Lutgarde ta tsaya masa ne. Da a ce rana da filogi take aiki, da tuni garinmu yana cikin duhu.

Lutgarde tela ce. Ita ke ɗinka kayan Trien, ƙatuwar mutum-mutumin nan da ta fi bene tsawo, wadda ake fitowa da ita zagayen gari sau ɗaya a shekara goma. Bana wata takwas ta yi a kan rigar, ga ta da shekara saba'in da takwas. Saura kwana biyu a yi zagayen ta zame a banɗaki, ƙashin ƙugunta ya karye. Ana sa ta a motar asibiti ba ta ce masa ya kula da kansa ba. Cewa ta yi, "Firmin, ka naɗa min zagayen a dikoda. Tashar gundumarmu, Lahadi ƙarfe biyu." Asibitin yana can wani birni, talabijin ɗinsu ba ya kama tashar.

Firmin ya kira Achiel, ɗan baffansa, wanda ya iya danne-danne. Achiel ya saita dikoda ta naɗi shirin da kanta. Ranar Lahadi Firmin ya sa kwat, ya ɗauki hula zai je kallon zagaye, sai hannunsa ya yi abin da ya saba.

Da yamma ya dawo ya mayar da filogi. Wurin shirye-shiryen da aka naɗa fayau, ko ƙura babu. Ya zauna a ƙasa, ya buga wa Achiel waya.

"Ka zare, ko?" in ji Achiel tun daga bakin ƙofa.

"Hannuna ne."

"Hannun naka na maƙwabta ne, aro ka yi? Matsa, sarkin tsoro."

Achiel ya shiga wurin shirye-shiryen da suka wuce. Zagayen yana nan. Amma a ƙarƙashinsa an rubuta da ƙananan baƙaƙe: saura kwana bakwai. Likita kuwa ya ce Lutgarde ba za ta fito ba sai bayan mako biyu.

Nan aka fara kokawa. Firmin ya danna jan maɓalli, dikoda ta ce ba a naɗar shirin da ya wuce. Ya so ya tura gaba ya ga Trien, ta ce wannan tashar ba a tura ta gaba, ta jero masa tallar katifa har huɗu. Ya so ya ɗan koma baya, ta mayar da shi farko, da katifun duka. Ta nemi lambar sirri, ya sa shekarar aurensu, ya sa ta haihuwarsa, ya sa lambar gidansu, ta kulle kanta awa guda. Ya kira kamfanin, ya danna ɗaya, ya danna uku, ya sha kiɗa har gemunsa ya tsiro, sannan wata mai ladabi ta ce dokar tashar ce, ba tasu ba. Achiel ya gwada ɗaukar allon da wayarsa. Abin da ya fito shi ne hasken taga, da sanƙon Firmin, da wani shuɗin abu kamar tanti yana wucewa.

Kullum in ya je dubiya sai ta tambaya, "Yana nan?" Shi kuma ya ce, "Yana nan," ya kalli takalmansa.

Ranar Laraba zazzaɓi ya rufe ta bayan aikin da aka yi mata. Ta yi fari fat, ba ta ko tambayi shirin ba. Firmin ya dawo gida ya kunna talabijin, ya ga saura kwana huɗu. Daga ranar ya kasa raba lissafin allon da na matarsa. Da safe kafin ya sha kofi sai ya leƙa, ya ga lambar ta ragu, ya ajiye burodin bai ci ba. Ya daina zare filogin dikoda, don tsoron kada ya mayar ya tarar shirin ya tafi. Sai ya ajiye bokitin yashi kusa da ita, ya fita yana shinshina iska. In ya ji jiniya a hanya sai ya tsaya cak, ya tabbata gidansa ne ke ci.

Ranar Juma'a zazzaɓin ya sauka. Ta zauna tana shan miya, ta ce, "Yana nan?"

Ya faɗa mata gaskiya, daga filogi har katifa.

Ta ce, "Shekara hamsin da biyu ina gaya maka, tsoho. Yaushe zai ɓace?"

"Jibi, ƙarfe biyu."

Ta danna ƙararrawar kiran nas. Abin da ta gaya wa likita babu wanda ya sani, amma an ce ya fito yana share gumi. Ya ba ta awa uku ranar Lahadi, a keken marasa lafiya.

Motar Achiel ta sauke su sha biyu da kwata. Firmin ya kunna, dikoda ta ce tana sabunta kanta, a jira, kada a kashe. Wani siririn layi ya fara jan ciki a allon. Trien kuwa sai an yi awa guda da fara shirin take fitowa, kuma ba a tura gaba. Firmin ya tsaya riƙe da rimot da hannu biyu, leɓɓansa na motsi.

"Addu'a yake ko zagi?" in ji Achiel.

"Ka yi mana shiru, Achiel," in ji Lutgarde.

Ɗaya saura kwata layin ya cika. Suka sha katifa huɗu, suka sha jawabin magajin gari, da 'yan badujala, da dawakin kamfanin giya. Firmin agogon bango kawai yake kallo. Biyu saura minti goma Trien ta karyo kwanar coci, shuɗiyar rigarta ta cika titi, iska na ɗaga gefenta. Ba ta yi minti ɗaya a allon ba mai ɗauka ya juya kan wani kare.

Lutgarde ta cire tabarau, ta goge, ta mayar.

"Rigar ta zauna," ta ce. "Amma wa ya ɗaura mata gyale a karkace haka?"

"Matar mai kantin magani," in ji Firmin.

"Na sani. Zagaye mai zuwa ni zan ɗaura da hannuna."

Firmin ya ajiye rimot, ya je kicin ya yanka burodi da cuku, ya tsaya nan ya cinye yanka huɗu, sannan ya zo ya tura keken Lutgarde zuwa mota.