Sunanmu ne na ƙarshe a takardar Yaya Idi

Shekara tara ke nan da muka kai yayana, Yaya Idi, makwancinsa. Ban yi kuka ranar ba, har yau kuma ban yi ba. Mutane suna cewa ina da haƙuri. Ni dai na san ba haƙuri ba ne, wani abu ne ya daskare mini a ƙirji, na saba da shi.

Waɗanda suka san shi a majalisar jiha za su tuna ɗan majalisar da ke zuwa da laka a takalmi. Ba ya kai ƙudiri sai ya je ya gani da idonsa, ya ce gani ya kori ji. Haka ya yi ta nacin maganar makarantar ƙauyenmu har aka ƙara ajujuwa, ga su nan yara suna ciki. Haka ya yi a kan masana'antar tumatir, don manoma su daina zubar da kwanduna a bakin titi in kasuwa ta faɗi. Ita wannan, harsashin ginin kawai aka zuba, yanzu awaki ke kwana a wurin. Wani lokaci ina tunanin me zai ce in ya ga injinan casar shinkafa da suka cika Kura. Ina jin zai yi murna, sannan ya tambayi nawa ake biyan masu ɗaukar buhu.

Amma abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne gidaje. Unguwarmu tana gindin magudanar ruwan noman rani, tsakanin Kura da Bunkure. Ruwan da ya ba mu shinkafa da albasa shi ne yake bi ta ƙarƙashin ƙasa yana cin gindin katangunmu. Ginin ƙasa ne, ka yi yaɓe bana, baɗi ya zube. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a cikin irin ɗakin nan aka haifi Yaya Idi. Ya yi ta maimaita maganar a majalisa har aka amince a ba mutanen unguwar fili a kan tudu da bulon gini, kashi-kashi. Aka ce shi ya tsara sunaye, tunda ya san kowa.

Mahaifinmu shi ne mai rabon ruwa a layin gonakinmu. Ƙa'idar da ya gada ita ce, wanda yake buɗe ƙofar ruwa, gonarsa ce ke sha a ƙarshe. Mun sha tsayawa muna kallon tumatirinmu yana yaushi, ruwa yana wucewa gonar maƙwabci. Da Yaya Idi ya kawo takardar sunaye, na duba sama ban ga gidanmu ba, na duba tsakiya babu. Yana can ƙasa, na ƙarshe.

Na ce, “Yaya, ɗakin Hajiya fa ya fi na kowa tsagewa.”

Ya ce, “Bala, ƙofar ruwa a hannuna take. Ka manta Baba?”

Hajiya Lami, matarsa, tana tankaɗe a tsakar gida, ta ce, “Ƙyale shi, ƙanin miji. Mu matan masu rabo mun saba da kankare tukunya.”

An tashi kashi na farko, an tashi na biyu. Ana shirin na uku ciwo ya kwantar da shi, mako biyu Allah ya karɓi abinsa. Daga nan takardar ta shiga wani ofis ba ta sake fitowa ba. Gida huɗu muka rage a unguwar.

Daminar bana, bayan la'asar, ɗakin Hajiya Lami ya rufta. Allah ya sa tana maƙwabta wajen suna. Na zo na tsaya ina kallon azara a kan gadonta, ban ji komai ba, sai tunanin ina za a samo kwando a kwashe ƙasar. Wani tsohon abokin siyasar Yaya Idi ya zo jaje, ya ce zai iya sama mata fili a tudun cikin mako guda, albarkacin marigayi. Na ce mata ta karɓa. Na roƙe ta ma.

Ta ce, “Iya Abu ta tashi?”

Iya Abu tsohuwa ce makauniya, sunanta ne a saman namu. Na ce ba ta tashi ba.

Ta ce, “To, ka gyara mini zaure.”

A zauren take kwana yanzu, shi ma gindinsa ya fara jiƙa. Na kai maganar Iya Abu wajen abokin nan, ya ce zai duba, yana kan dubawa.

Ban san ko Yaya Idi ya yi daidai ba. Na daɗe ina jin haushinsa, yanzu haushin ma ya tafi. Ba a sa sunansa a titi ko makaranta ba. Abin da ya rage nasa shi ne gidajen da ke kan tudu, da mace guda da ta ƙi tsallake layi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Rabon ruwa kuwa a hannuna yake yanzu. Jiya na buɗe wa kowa tun hantsi. Da layi ya zo kan gonarmu ruwan ya ja baya, sai na zauna a kan kunyar gona ina jira.